Yoyon rufi a gindin bututun banɗaki: Inda matsalar take da yadda ake magance ta

Idan damina ta kai tsakiya, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, akwai wani tabo da ke bayyana a silin gidaje da dama a garuruwan kudancin Jihar Kano. Yakan fara ne ɗan ƙarami a kusurwar banɗaki, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar shatin gindin kofin shayi, ba ya ko ɗiga. Bayan mako biyu ya kai faɗin faifai. Kafin kaka ta shigo fentin bango ya fara ɓarewa, ɗakin da ke jikin banɗakin ya ɗauki warin danshi, uwargida kuma ta gaji da tara roba a ƙasa duk daren da hadari ya haɗo.

Abin da mafi yawan magidanta ke yi shi ne su kira kafinta. Shi kuma ya hau, ya bi kan ƙusoshi, ya shafa kwalta a duk inda ya ga alamar tsatsa, ya sauko a sallame shi. Ruwa na gaba ya sauka, tabon ya ƙara faɗi. Daga nan sai zargi ya koma kan kwanon, a ce mai arha aka saya, ko kuwa ya tsufa. Sau da yawa kuwa kwanon lafiyarsa ƙalau. Ƙofar da ruwan ke bi ita ce wurin da aka huda rufin domin bututun iskar banɗaki ya leƙa waje.

Dalilin da ya sa abin ya fi ƙamari a kudu

Duk wanda ya taso daga Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru ya ɗauki hanyar Jos, ya ratsa Tudun Wada da Dajin Falgore zuwa Doguwa, zai ga ƙasa tana ƙara tudu, itatuwa suna ƙara kauri. Wannan yanki shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Jihar Kano. A can ƙarshen kudu, wajen tsaunukan Riruwai, ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, alhali a ƙarshen arewacin jihar bai cika kaiwa 800 ba. Damina takan riga sauka a nan, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Ke nan gida mai rufin murabba'in mita 100, wanda ba wani babban gida ba ne, yana karɓar lita 100,000 a damina guda, wato cikin duro 500 na lita 200. Duk wannan ruwa ta cikin kwarin kwano yake gangarowa. Idan aka dasa bututu a tsakiyar kwari ɗaya, duk abin da wannan kwarin ya kwaso tun daga ƙololuwar rufi a jikin bututun zai yi karo.

Sai kuma iska. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Irin wannan iska tana girgiza bututun da ya yi tsayi ba a ɗaure shi ba, tana kuma kora ruwa a kaikaice, har ta tura shi sama ta ƙarƙashin bakin kwano. Shi ya sa wani rufin ba ya zuba a ruwan marka da zai wuni yana sauka a hankali, amma ruwan minti ashirin mai iska sai ya jiƙa katifa.

Matsalar kuma sabuwa ce idan aka kwatanta da daɗewar gini a ƙasar Hausa. A da, makewayi a can ƙuryar gida yake, galibi ma ba shi da rufi, saboda haka babu abin hudawa. Yanzu sababbin gidaje a Bebeji da Kiru da Tudun Wada, musamman ɗakin amarya da gidajen haya na ma'aikata, da banɗaki a cikin ɗaki ake gina su. A gefe guda kuma, tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar shugaban ƙasa mai lamba 009 a watan Nuwamban 2019 domin kawo ƙarshen bahaya a fili, aka ƙara matsa ƙaimi wajen gina makewayi a makarantu da asibitocin karkara da kasuwanni. Maƙwabciya Jigawa ce ta fara samun shaidar kawar da wannan ɗabi'a a faɗin jiha, a shekarar 2022. Ci gaba ne babu shakka. Sai dai kowane sabon banɗaki yana zuwa da bututunsa, kuma ƙwarewar rufe gindin bututun ba ta yaɗu da saurin da ginin ya yaɗu ba.

Aikin da bututun yake yi

Ya kamata a san amfanin bututun tukuna, domin akwai masu gajiya da yoyon su sa a yanke shi a cikin silin, ko a toshe bakinsa da leda da siminti. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

A ƙasan kowane masai na zamani, na zama ne ko na tsuguno, akwai wata lanƙwasa da ruwa ke kwanciya a cikinta, mai zurfin kimanin santimita 5. Wannan ɗan ruwan shi ne murfin da ke hana iskar sokawe dawowa cikin ɗaki. Idan aka kora ruwa da yawa a lokaci guda, yana gangarawa yana zuƙo iskar da ke bayansa. Bututun da ya fita ta rufi shi ke ba shi iskar da zai zuƙa. Idan babu shi, ruwan lanƙwasar zai zuƙe, a ji masai yana ƙugi, wari ya cika ɗaki. Bututun ne kuma ke fitar da iskar da ƙazanta ke haifarwa a cikin rami, wadda a cikinta akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai guba idan ta taru, da kuma gas mai kama wuta. Yanke bututun a cikin silin yana nufin tara wannan iska, tare da danshinta, a saman ɗakin da mutane ke kwana.

A makewayin rami irin wanda ake ginawa a makarantun firamare, aikin bututun ya ma fi haka. Wannan tsari a cibiyar bincike ta Blair da ke Zimbabuwe aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970, ƙarƙashin Dokta Peter Morgan. Iskar da ke wucewa ta kan bututun tana jan warin ramin zuwa sama, ƙudan da ke cikin ramin kuma suna bin hasken da suke hangowa a bakinsa, su tarar da raga su kasa fita. Ƙa'idarsa ita ce faɗin bututun ya kai inci 4, ya zarce rufin da aƙalla rabin mita. Saboda haka ba a rage masa tsawo don gudun iska. Ɗaure shi ake yi.

Yadda ruwa ke samun hanya

Asalin matsalar a tsarin aikin take. Kafinta ya gama rufi ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan makonni mai aikin famfo ya zo, ya tarar da rufi a kammale, ya ɗauki kurfi da guduma ya ɓula kwanon daidai inda bututunsa ya fito. Ramin ba zagayayye ba ne, bakinsa duk tsage-tsage, kuma ya fi bututun faɗi. Sai a kwaɓa siminti a dambara a gindin, ko a narka kwalta a zuba. Idan yoyo ya tashi, kafinta ya ce ba shi ya huda ba, mai famfo ya ce shi ba mai rufi ba ne. Kowa da gaskiyarsa, mai gida kuma da asararsa.

Siminti da kwalta ba sa riƙewa saboda abubuwa uku ne aka haɗa waɗanda ba sa motsi tare. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce. Kwanon alminiyam mai tsawon mita 6, idan bambancin zafinsa tsakanin tsakar ranar Afrilu da asubahi ya kai digiri 40, zai ƙaru ya ragu da fiye da milimita 5. Kwanon ƙarfe yana yin kusan rabin haka. Bututun roba na PVC kuwa ya fi su duka motsi, ya ninka ƙarfe kusan sau biyar, kuma nasa motsin sama da ƙasa ne, na kwanon kuwa a kwance. Siminti da ke tsakaninsu ba ya lanƙwasa, ba ya kuma kama jikin roba. A cikin rani guda wani siririn layi kamar gashi zai buɗe a zagayen bututun. Daga ƙasa ba a ganinsa. Ruwa kuwa ya ishe shi.

Akwai ƙarin illa ga masu rufin alminiyam: ɗanyen siminti yana cin alminiyam. Inda aka dambara shi, bayan 'yan shekaru za a tarar kwanon ya yi fari-fari ya ɓuɓɓule a ƙarƙashi. Ita kuwa kwalta, zafin bazara yana narkar da ita ta gangara, sanyin hunturu ya busar da ragowar ta tsattsage.

Mafi muni shi ne tudun simintin kansa yana zama madatsa. Ya tare kwarin kwanon, ruwa ya taru a bayansa, ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da kashin tsuntsaye su kwanta a wurin su riƙe laima. Nan tsatsa ke fara ci. Shi ya sa idan aka fasa tsohon siminti, ɓangaren da ke kallon ƙololuwar rufi ne ake samu ya ruɓe, na ƙasan kuwa garau.

Wani lokaci kuma laifin bututun ne shi kansa. Robar da ba a yi wa fenti ba, rana tana cinye ta a hankali har ta yi gautsi ta tsage. Haka nan idan akwai mahaɗa ko gwiwa a cikin silin da ba a sa mata gam da kyau ba, ruwan da ya faɗa ta bakin bututun, wanda ya kamata ya wuce sokawe salin-alin, sai ya tsattsafo ta wurin.

Ba kowane ɗigo ne yoyon rufi ba

Kafin a hau rufi, akwai tambayar da ya kamata mai gida ya amsa: yaushe ruwan yake ɗiga? Idan sai an yi ruwan sama, rufi ne. Idan sai ruwan ya zo da iska, a nemi gefen gabas da bakin haɗin kwano. Idan kuwa yana ɗiga a ranar da ko gajimare babu, to a bar kafinta ya huta.

A gidajen da bututun ruwa daga tankin sama ya bi ta cikin silin, mahaɗa ɗaya da ta saki tana iya yin tabo irin na yoyo sak. Gwajinsa shi ne a rufe famfon gindin tanki na kwana ɗaya ko biyu a gani ko wurin zai fara bushewa.

Akwai kuma gumi. Da sanyin Disamba da Janairu, idan aka yi wanka da ruwan zafi a banɗakin da ba shi da taga, tururin yana ratsa silin ya tarar da kwano mai sanyi, ya koma ruwa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin raɓa. Da hantsi sai ya ɗigo. Gidajen da aka sa wa fankar zuƙe tururi a silin, amma ba a haɗa ta da bututun da zai kai tururin waje ba, sun fi fama da wannan, domin fankar tana kwashe danshin banɗaki ne kawai tana juye shi a kan katakon rufi. Maganin wannan shi ne taga, ko bulo mai huji a saman bango, ko a fitar da bututun fankar ta bango zuwa waje. Kwalta ko ta cika duro ba za ta yi masa komai ba.

Bin sawun ruwa

Ruwa ba ya faɗowa daidai inda ya shiga. Yakan bi cikin kwano ta ƙasa, ya kama rafta, ya bi ta har sai ya samu ƙusa ko gaɓa sannan ya ɗiga. Tabon da ke tsakiyar ɗakin kwana yana iya kasancewa mita biyu ko uku daga inda rufin ya buɗe. Abin da ba ya canzawa shi ne ruwa gangara yake yi, don haka daga tabon sama ake nema, ba ƙasa ba.

Binciken daga ciki ake fara shi, da rana tsaka. A kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, har da ta sola idan akwai, domin wayoyin lantarki a cikin silin suke shimfiɗe, jiƙaƙƙiyar waya kuwa ba a yi mata ganganci. Mai dubawa ya shiga ta ƙofar silin da tocila, ya taka katako kawai, kada ya ɗora ƙafa a kan silin. Idan ya isa gindin bututun ya kashe tocilar ya ɗan jira idonsa ya saba da duhu. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Daga nan ya kunna ya duba jikin bututun: ruwan da ya saba bi yana barin layi a cikin ƙura, kamar sawun hawaye. Ya duba katakon da ke kusa, wanda ya yi baƙi, da ƙusar da ta yi tsatsa alhali 'yan uwanta ba su yi ba. Ya soka sukundireba a jikin katakon. Idan ta shige ba wuya, katakon ya mutu. Ya yi wa kowane wuri alama da alli.

Idan ido bai gano ba, sai a yi ruwan sama na gwaji. Mutum biyu ake buƙata, ɗaya a kan rufi da tiyo ko buta, ɗaya a cikin silin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zuba ruwa daga ƙololuwa. Idan aka yi haka komai zai jiƙe a lokaci guda, a ga ɗigo amma ba a san daga ina ba. Daga ƙasa ake farawa. A jiƙa kwanon da ke ƙasan bututun, a jira kamar minti biyar. Idan shiru, a matsa gefensa na dama, sannan na hagu, sannan bayansa, kowanne da jiransa. Bayan haka a zuba a jikin bututun kansa ruwan ya gangaro. Daga ƙarshe a zuba a cikin bakinsa, don a gwada mahaɗan da ke cikin silin. Inda na ciki ya yi kira, nan ne. Aikin yana iya cin awa guda, kuma gaggawa ce ke ɓata shi, domin ruwa yakan ɗauki mintuna kafin ya ratsa tsaga ya bayyana.

Shi ma na kan rufin da nasa sharaɗin. Ba a hawa jiƙaƙƙen kwano, ba a hawa idan hadari ya taso, kuma a kan layin ƙusoshi ake taka ƙafa, domin nan ne katako yake a ƙasa. A lura da wayar lantarkin da ta shigo gidan, wadda a gidaje da yawa dab da rufi take wucewa. Kafinta mai nauyi da ya taka tsakiyar siririn kwano yana iya barin sabuwar lotsawa da za ta tara ruwa, ya zo gyaran yoyo ɗaya ya bar biyu.

Gyaran da ke ɗorewa

Ƙa'idar rufi guda ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa baibayar ɗakin ciyawa ya san ta: na sama ne ke hawa kan na ƙasa. Rufi ba da liƙi yake tare ruwa ba, da jeri yake tare shi. Duk gyaran da ya dogara ga gam ko kwalta kaɗai, na ɗan lokaci ne.

Mataki na farko shi ne a fasa tsohon siminti a kankare kwalta tas, a goge tsatsa da burushin waya har sai ƙarfe ya fito. Idan ramin ya ruɓe ya faɗaɗa, a canza fallen kwanon gaba ɗaya. Kuɗin falle ɗaya bai kai kuɗin sake silin ba.

A kasuwar kayan gini, irin ta Ƙofar Ruwa a birnin Kano, ana iya neman wata roba mai siffar mazurari da aka yi musamman don wannan aiki. Ana yanke bakinta ya ɗan fi bututun ƙanƙanta, a zura ta daga sama ta matse shi, gindinta mai laushi kuma a lanƙwasa shi ya bi tudu da kwarin kwano, a sa silikon a ƙarƙashi, a ɗaure da sukurori masu washa. Amfaninta shi ne tana bari bututu ya yi motsinsa, kwano ya yi nasa, ba tare da wani ya saki wani ba. A kula da irin silikon ɗin: mai warin tsami yana cin kwano, wanda ba shi da wannan warin ake nema.

Inda ba a samu wannan roba ba, mai aikin gwangwani na kasuwar Tudun Wada ko Kwanar Dangora zai iya ƙera abin da zai yi aikin, muddin an yi masa bayani. Abu biyu zai yi. Na farko faranti ne na kwano mai faɗi, da wuya a tsaye a tsakiyarsa mai tsawon kamar santimita 15, wanda bututun zai ratsa ba tare da ya matse ba. Bakin farantin na sama a cusa shi ƙarƙashin kwanon da ke sama, ko ma a ja shi har ƙarƙashin kwanon da ya rufe ƙololuwa idan bututun ba shi da nisa da ita. Bakinsa na ƙasa kuma ya hau kan kwanon da ke ƙasa. Da haka ruwan da ya gangaro zai hau farantin, ya raba biyu ya zagaye wuyan ya wuce, bai ga rami ba. Na biyu 'yar malafa ce da za a ɗaure a jikin bututun da zobe mai sukuru, ta sauko ta lulluɓe bakin wuyan. Ita ke tare ruwan da ke bin jikin bututu. Silikon a saman malafar kawai ake buƙatarsa. Farantin ya zama irin ƙarfen rufin, alminiyam da alminiyam, ƙarfe da ƙarfe, haka ma ƙusoshi, domin ƙarafa mabambanta idan suka haɗu a cikin laima ɗaya yana cin ɗaya.

Tef mai kwalta da bayan alminiyam, wanda aka fi sani da Flashband, yana da amfani a tsakiyar damina idan ana son a tsayar da ɓarna kafin rani. Sai dai wurin ya bushe, ya zama babu ƙura, a manna daga ƙasa zuwa sama kowane yanki yana hawa kan na ƙasansa, a danne sosai. Agaji ne na gaggawa. Masu ɗaukarsa a matsayin gyara na dindindin sukan sake saye duk shekara.

Bayan haka a ɗaure bututun a jikin rafta daga ciki don iska ta daina kaɗa shi, a yi wa ɓangaren da ke waje fenti, a ɗaura raga a bakinsa. Ragar tana hana ƙadangare da tsuntsu faɗawa, tana kuma hana sauro mayar da sokawe wurin ƙyanƙyasa.

Rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, nasa salon daban ne. A nan ruwa kwanciya yake yi, saboda haka ana gina ɗan dakali a zagayen bututun mai tsayin santimita 15, shimfiɗar kwaltar da aka yi wa rufin ta hau jikinsa har sama, sannan malafa ta rufe. Gidajen da ake yayi yanzu, masu bangon da ya ɓoye rufi, suna da tasu matsalar: magudanar da ke bayan bangon tana cika da ƙura da leda, ruwa ya taru ya koma baya, kuma sau da yawa a daidai wannan lungu ne mai famfo ya fitar da bututunsa. Wanda bai share wannan magudana a watan Afrilu ba, zai share ta a Agusta cikin ruwa.

Soro kuwa, wanda har yanzu yana nan da yawa a tsofaffin unguwannin Bebeji da Kiru da ƙauyukansu, bai kamata a huda shi ba sam. Ƙarfin rufin ƙasa yana ga yaɓen makuba da ake sabuntawa kafin damina, da gangaren da ke kai ruwa ga indararo. Ƙasa ba ta kama roba. Ruwan da ya bi jikin bututu kai-tsaye zai sauka kan azara, ƙasar rufin ta sha ta yi nauyi, azarar ta ruɓe, kuma irin wannan rufi idan zai faɗo ba ya sallama. Idan an ƙara banɗaki a jikin soro, bututun ya bi bayan bango.

Wannan ma ita ce shawarar da ta fi kowace ga mai sabon gini, ko da rufin kwano ne. Bututun ya fita ta bango, ya hau ta waje a ɗaure da maƙalai, ya kauce wa bakin rufi da gwiwa biyu, ya zarce sama, nesa da taga. Ƙarin kuɗin bai wuce na gwiwoyi da 'yan maƙalai ba. Idan kuwa dole sai ya ratsa rufi, a fitar da shi kusa da ƙololuwa inda ruwa bai taru ba, a kan tudun kwano maimakon kwarinsa, kuma kafinta da mai famfo su kasance a wurin rana ɗaya.

Abin da jinkiri ke jawowa

Tabon silin shi ne mafi arha a cikin asarar. Katakon da ke shan ruwa kowace damina yana ruɓewa, yana kuma kiran gara. Raftar da ta ruɓe ba ta riƙe ƙusa, kuma rufin da ƙusarsa ta saki shi ne iskar farkon damina ke fara yayewa. Silin POP yana shan ruwa ya yi nauyi ya ɓallo gaba ɗaya. Tsohon silin asbesto kuma, idan za a cire shi, a jiƙa shi a sauke shi falle-falle, kada a fasa ko a yanka shi a bushe, domin ƙurarsa tana haddasa mummunar cutar huhu.

Sai lafiyar mazauna ɗakin. A ƙa'idojin da ta fitar a 2009 game da danshi da funfuna a cikin gidaje, Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta zama a ɗaki mai laima da ƙaruwar tari da cututtukan numfashi da tashin asma. A yankin da ake noma masara da shinkafa kamar Doguwa da Tudun Wada kuma, inda ɗakin da ke jikin banɗaki kan zama ma'ajiyar buhuna bayan girbi, bangon da ya sha ruwa yana ci gaba da fitar da danshi har cikin kaka. Masarar da ta yi funfuna ta faɗi a kasuwa, kuma wani nau'in funfunar yana haifar da guba mai lahani ga hanta.

Lokacin gyara na sosai shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da katako ya bushe, kwano ba ya santsi, kafintoci kuma ba su shiga rububin farkon damina ba. Tun yanzu ake zagaye tabon da fensir a rubuta kwanan wata, domin idan rani ya yi sawun ruwan yakan dushe. Bayan an gama gyaran a maimaita gwajin tiyo a gaban mai aikin kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Katakon da aka canza a shafa masa maganin gara. Silin kuwa kada a yi saurin rufe shi ko a yi masa fenti: a bar wurin a buɗe har a ga ruwa biyu ko uku masu iska sun sauka, a leƙa da tocila bayan kowanne.